Maryam, Maryamu, Mairo, Mary: asalin suna ɗaya da ma'anonin da aka jingina masa

A garin Jos da wuya ka tsaya a bakin layi ka ɗaga murya ka ce "Maryam" ba wata ta waiwayo ba. A Gangare, Dilimi, Rikkos da Unguwar Rogo za ka same ta Maryam, ko Mairo idan ta manyanta. Ka hau Tudun Wada, Jenta ko Unguwar Rukuba ka same ta Maryamu, ko Mary idan ta baya-bayan nan ce. Amma duk da yawan masu sunan, in ka tambayi mutum biyar ma'anarsa kana iya komawa gida da amsa biyar. Wani ya ce "mai bautar Allah", wani ya ce "abar ƙauna", wani ya ce "tauraruwar teku", wani kuma ya sassauta murya ya ce shi dai ya ji an ce "ɗaci" yake nufi, har abin ya tsaya masa a rai don sunan 'yarsa ke nan. Babu wanda ya ƙirƙiri amsarsa a cikinsu. Kowace tana da inda ta fito, wata ma ta haura shekara dubu da ɗari biyar ana maimaita ta. Abin bincike shi ne yadda aka yi suna ɗaya ya tara ma'anoni haka, da kuma wacce ce a cikinsu take da ƙafar tsayawa.

Tambayar tana damun mu ne saboda kunnen Bahaushe ya saba da sunan da yake faɗin kansa. Ladi, Tani, Talatu, Laraba, Lami, Jummai da Asabe, ranar haihuwa ce kawai. Azumi an haife ta cikin watan azumi, Kande ta biyo bayan maza, Auta ta rufe ƙofa. Maƙwabtanmu na Filato ma haka suke: tarin sunayen da ke farawa da "Nan" a wajen Mwaghavul da Tarok da Goemai ambaton Allah ne, kuma mai sunan zai fassara maka shi nan take. Sunayen Larabci irin su Amina, Jamila, Habiba da Karima kuwa, ɗalibin da ya yi nisa kaɗan a Islamiyya zai warware su. Don haka mutum yake ɗauka cewa Maryam ma Larabci ne, a buɗe ƙamus a gani.

Ba Larabci ba ne. Malaman nahawu tun da can sun sa shi cikin sunayen ajami, wato waɗanda suka shigo Larabci daga wani harshe, sahu ɗaya da Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ. Masu tafsiri ma in sun zo faɗin ma'anarsa sukan ce "a harshensu", suna nufin harshen Bani Isra'ila. Sun san baƙo ne.

Mace ta farko da rubutu ya ajiye mana da wannan suna ita ce 'yar'uwar Annabi Musa da Annabi Haruna (AS). Littafin Fitowa, sura ta 15, ya nuna ta riƙe da ganga tana jagorantar mata waƙar godiya bayan an ƙetare teku, kuma Littafin Mika, wanda mai shi ya rayu a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya jera sunanta tare da na 'yan'uwanta biyu a matsayin waɗanda aka aiko su jagoranci jama'a. Alƙur'ani ya ba da labarin 'yar'uwar Musa da ta bi sawun akwatin har gidan Fir'auna, a Suratu Ɗaha da Suratul Ƙasas, amma bai ambaci sunanta ba. Ke nan sunan ya kai shekara dubu uku ko kusa da haka a bakin mutane, kuma a Masar aka fara jin sa.

Akwai wani abu da yake ba mutane mamaki a nan. Yau Yahudawa suna cewa Miryam, Turawa suka ɗauka suka ce Miriam, kuma da yawa suna zaton wannan ne lafazin asali, Larabawa ne suka karkatar da shi zuwa Maryam. Tarihin rubutu ya nuna akasin haka. Tsohon Ibrananci baƙaƙe kawai yake rubutawa, babu wasula, kamar allon da ba a yi wa wasali ba. Sunan baƙaƙe huɗu ne: m, r, y, m. Malaman Yahudawa da suka sa wa littafinsu wasula sun yi aikin ne tsakanin ƙarni na 7 da na 10 bayan haihuwar Annabi Isa. Amma tun a ƙarni na 3 kafin haihuwarsa, Yahudawan Iskandariyya sun fassara Attaura zuwa Girkanci, harshen da yake rubuta wasula, kuma abin da suka rubuta shi ne Mariam. Sun rubuta abin da kunnensu ya ji a zamaninsu. Daga baya ne Ibrananci ya riƙa mayar da wannan "a" ta farkon suna zuwa "i", shi ya sa wanda Girkanci ya ajiye a matsayin Samson ya zama Shimshon a bakin Yahudawa. Aramiyanci, harshen da Annabi Isa da mahaifiyarsa suka yi magana da shi, ya riƙe Maryam, Suryaniyanci ya riƙe, Larabci ya karɓa a haka. Yarinyar da ake kira Maryam a Bauchi Road tana ɗauke da lafazin da ya girmi na Tel Abib.

Wahalar tana wajen ma'ana. Baƙaƙen nan huɗu ana iya yanka su ta hanyoyi da yawa, kuma kowane yanka yana ba da wata kalma. Wani masani Bajamushe, Otto Bardenhewer, ya zauna a 1895 ya tattara fassarorin da aka taɓa yi wa sunan, ya samu kusan 70. Yawancinsu ba su wuce son zuciyar mai fassara ba. 'Yan kaɗan ne suka cancanci a tsaya a kansu.

Ta "ɗaci" ita ce ta fi yawo, ita ce kuma ta fi tayar wa iyaye hankali, don haka bari a fara da ita. A Ibrananci "mar" ɗaci ne, ɗan'uwan "murr" na Larabci. "Yam" kuma teku ne, shi ne "yamm" ɗin da ya zo a Alƙur'ani inda aka umarci mahaifiyar Musa ta jefa akwatin a cikinsa. In ka haɗa sai ka samu wani abu kamar "teku mai ɗaci". Malaman Yahudawa na dā sun so fassarar ɗaci don ta dace da labari: an haifi yarinyar a lokacin da Fir'auna ya ɗaɗɗaci rayuwar Bani Isra'ila da bauta. Sannan a cikin Littafin Fitowa, da gama waƙar Maryam sai labari ya kai jama'a wani wuri mai ruwan ɗaci da aka kira Mara, ayoyi biyu kacal tsakani. Kunne ya haɗa su ba tare da wahala ba. Sai dai nahawu bai yarda ba. Ibrananci yana sa siffa bayan suna, yadda muke cewa "ruwa mai ɗaci", don haka da "teku mai ɗaci" ake nufi da "yam mar" za a ce. Wannan fassara wa'azi ce da aka gina a kan kamannin sauti, kuma masu ita ba su ɓoye cewa wa'azi suke yi ba. Uban da ya sa wa 'yarsa Maryam bai laƙaba mata ɗaci ba.

Kusa da ita akwai ta "tawaye", daga wata kalma "meri", wadda masu ita suke jinginawa da labarin Littafin Ƙidaya inda aka ce ta yi wa ɗan'uwanta magana a kan matar da ya aura. Raunin wannan a fili yake, ba a raɗa wa jaririya suna da abin da za ta yi bayan ta tsufa. Akwai ta "uwargida", daga "mar" na Aramiyanci mai nufin shugaba ko ubangida, wanda daga gare shi sunan Marta ya fito. Wannan ma ta zo a makare, domin sunan ya riga zamanin da Bani Isra'ila suka koma magana da Aramiyanci da ɗaruruwan shekaru. Shi kansa Bardenhewer ya karkata ga wani tushe mai nufin cika da ƙiba, ya ce ma'anar ita ce "cikakkiya", wato kyakkyawa a idon mutanen da suke ganin cikar jiki ita ce kyau. Kakanninmu ba za su yi masa musu a kan wannan ma'aunin ba.

Ta "tauraruwar teku" labarinta daban ne, domin kuskuren alƙalami ne ya haife ta. Jerom, malamin Kirista da ya zauna a Baitalami ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, wanda ya rasu a shekara ta 420, ya rubuta wani ɗan kundi na ma'anonin sunayen Ibrananci. Akwai wata kalma "mar" da ta zo a Littafin Ishaya, sura ta 40, da ma'anar ɗigon ruwa daga guga. Da ita aka fassara sunan "ɗigon teku", a Latin "stilla maris". Masu kwafe littattafai da hannu, a zamanin da "i" da "e" suke cakuɗewa a bakin masu Latin, suka mayar da "stilla" ta zama "stella", tauraruwa. Ɗigo ya zama tauraruwa saboda harafi ɗaya. Kuskuren ya fi na daidai daɗin ji, sai ya zauna. Matuƙan jiragen ruwa na Turai suka riƙe shi, aka gina coci-coci da makarantu da sunan Stella Maris, har a Nijeriya, kuma da yawa daga cikin Stella ɗin da ke gidajen Katolika daga nan sunansu ya samo farin jini. Ban ga abin raini a wannan ba. Mutane sun ga mace mai tsarki, suka ga ta dace da a kira ta tauraruwar da ake bi a kai gaci. Amma ba shi ne asalin kalmar ba.

Fassarar da masana harsunan dā da yawa suka fi natsuwa da ita yau ba ta neman tushen a Ibrananci sam. Tana cewa a duba inda aka haifi mai sunan. A tsohon harshen Masar akwai kalmar da ake rubutawa "mry", mai nufin wanda ake ƙauna, kuma Misirawa sun yi ta gina sunaye da ita: Meritamun, 'yar Ramsis na Biyu, "abar ƙaunar Amun", abin bautarsu, da Meritaten, 'yar Akhenaten. Abin da ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi shi ne gidan da Maryam ta fito cike yake da sunaye masu ƙamshin Masar. Jikan Haruna sunansa Finehas, wanda a harshen Masar yake nufin mutumin Nubiya. Sunan Musa kansa masana da yawa suna haɗa shi da "mose" ɗin da ke ƙarshen Tutmose, mai nufin haihuwa. Mutanen da suka yi ƙarnoni a wata ƙasa dole su ɗauki sunayenta, kamar yadda za ka samu Bayarabe haifaffen Jos ana kiran sa Ɗanjuma ko Bala. Inda wannan fassara take ɗingishi shi ne "m" ta ƙarshe, wadda har yau masana ba su haɗu a kan bayaninta ba. Duk da haka, in aka ce in zaɓi ɗaya, ita zan zaɓa, domin ita kaɗai ce ta dace da wuri da zamani da dangin mai sunan a lokaci guda. "Abar ƙauna" ita ce mafi kusa, ba tare da an ce an rufe magana ba.

To ina matsayin "mai bauta" da muke ji a wajen tafsiri? Zamakhshari ya ce Maryam a harshensu "mai ibada" ne, Ƙurɗubi ya ce "mai hidimar Ubangiji". In ka koma ayoyin da suke yi wa sharhi, na 35 da 36 a Suratu Ali Imrana, za ka ga inda maganar ta dosa. Matar Imrana, wadda tafsirai suke kira Hannatu kuma al'adar Kirista take kira Anna, ta yi bakancen abin da ke cikinta ga hidimar Allah. Da ta haifi mace sai ta ce ta sa mata suna Maryam, ta nema mata tsari ita da zuriyarta daga Shaiɗan. Malaman sun karɓi ma'anar daga abin da ya iso gare su, kuma ta yi daidai da rayuwar mai sunan ƙwarai. A fahimtata, wannan ya fi zama bayanin wace ce Maryam fiye da bayanin tushen kalmar, domin kalmar bauta a Ibrananci da Aramiyanci daga tushe ɗaya take da "abd" na Larabci, ba ta da alaƙa da waɗannan baƙaƙe huɗu. Faɗin haka bai rage wa malaman komai ba. Sun amsa tambayar da ta fi muhimmanci ga mai sa suna.

Sunan ya zama kamar tsohon kwabo da hannaye suka goge rubutunsa, ba a iya karanta abin da aka buga a kai amma kowa ya san darajarsa. Kuma ba yau ya goge ba. A zamanin da aka haifi Annabi Isa babu mai jin harshen Fir'auna a Falasɗinu, amma sunan ya cika gari. Wata masaniyar tarihi, Tal Ilan, ta ƙirga sunayen matan Yahudawan Falasɗinu na wancan zamani daga rubuce-rubuce da akwatunan ƙasusuwa, ta samu fiye da mace ɗaya cikin biyar Maryam ce. Matar Sarki Hirudus da ya kashe a shekara ta 29 kafin haihuwar Annabi Isa, Mariyamne, sunan ke nan aka yi masa kwalliyar Girkanci. Sabon Alkawari ya ambaci mata aƙalla shida masu sunan, shi ya sa ake bambance su da gari ko da ɗa: Maryamu Magadaliya, Maryamu ta Betanya 'yar'uwar Marta, Maryamu uwar Yaƙub. Iyayen waɗannan mata ba ƙamus suka duba ba. Takwara suka yi wa 'yar'uwar Musa.

Hadisi ya faɗi wannan ƙarara. Muslim ya ruwaito cewa Mugira ɗan Shu'uba ya je Najran, Kiristocin can suka tambaye shi yadda Alƙur'ani zai kira mahaifiyar Isa "'yar'uwar Haruna", a aya ta 28 ta Suratu Maryam, alhali tsakanin Musa da Isa akwai zamani mai tsawo. Da ya dawo ya tambayi Manzon Allah (SAW), sai ya amsa masa cewa sun kasance suna sa sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Wannan ita ce ƙa'idar da ta ɗauki sunan Maryam daga ƙarni zuwa ƙarni, kuma ita ce ƙa'idar sunan yanka a ƙasar Hausa har gobe. Ranar suna, in liman ya raɗa, tambayar da mata suke yi a cikin gida ita ce "sunan wa aka mayar?" Ba a tambayar me kalmar take nufi. In sunan kaka ne sai a saka alkunya, a riƙa kiran yarinyar Ummi ko Mami ko Walida. Lakabi ne yake ɗaukar ma'anar kalma a wajenmu, sunan yanka mutum yake ɗauka. Mai sa Maryam yana nufin macen da Alƙur'ani ya ambata da suna sau 34, mace ɗaya tilo da ya ambata da sunanta, wadda aka ba sura ta 19 sunanta, aka kuma ce an zaɓe ta a kan matan talikai.

Daga Falasɗinu sunan ya rabu hanya biyu, kuma duka biyun sun iso mu. Hanyar gabas ta riƙe "m" ta ƙarshe: Maryam a Larabci da Farisanci, Meryem a Turkiyya, Mariyama a bakin Fulani da Mandinka da Wolof. Hanyar yamma ta yar da ita. Kalmomin Girkanci ba sa ƙarewa da "m", don haka masu harshen suka gutsure ta suka ce Maria. Latin kuma ya ƙarasa aikin, domin a nahawunsa sunan mace mai ƙarewa da "a" yana komawa "am" in aiki ya faɗa kansa, sai suka ɗauka Mariam wani yanayi ne kawai na Maria. Daga nan Faransa ta samu Marie, Ingila ta samu Mary.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar yamma ta shigo gidan Musulmi tun farkon Musulunci. Mariyatul Ƙibɗiyya, wadda Muƙauƙis, mai mulkin Masar, ya aiko, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), ta fito ne daga cikin Kiristocin Masar, inda Girkanci ya yi ƙarnoni yana mulki, kuma sunanta shi ne Maria ɗin nan. Saboda ita muke sa Mariya. Ke nan gidan da yake da Maryam da ƙanwarta Mariya suna ɗaya ya sa sau biyu, ɗaya ya biyo ta Aramiyanci, ɗaya ta Girkanci. Marigayiya Maryam Babangida, wadda aka haifa a Asaba a 1948, sunanta na farko Maria. Da ta zama Maryam, daga wannan reshe ta koma wancan a bishiya ɗaya.

Turawa sun yi wa sunan hidimar da ba su yi wa wani ba. A Amurka shi ne kan gaba a sunayen 'yan mata daga 1880 zuwa 1946, Linda ta karɓe na 'yan shekaru, ya dawo daga 1953 zuwa 1961. Mutanen Ayalan sun ware lafazi ɗaya, Muire, ga mahaifiyar Isa ita kaɗai, sauran mata su amsa Máire, wata irin alkunya ke nan. A Sifaniya har maza suna ɗaukar sa a matsayin suna na biyu, kamar José María Aznar da ya yi firaminista daga 1996 zuwa 2004. Can ne kuma aka riƙa sa wa 'yan mata laƙubban Maryamu a maimakon sunan kansa: Dolores, Pilar, Guadalupe, Mercedes. Wannan na ƙarshe, mai nufin jinƙai, shi ake kiran 'yar wani attajiri Emil Jellinek da shi, kuma da sunanta aka yi wa motar kamfanin Daimler rajista a 1902. Marsandin da ake yi wa kirari a garejin Farin Gada, in ka bi salsalarta, laƙabin Nana Maryamu ce. A cikin Jos ɗin nan kuma babban cocin Katolika sunansa Our Lady of Fatima, saboda garin Fatima na ƙasar Fotugal inda mabiya Katolika suka yi imani Maryamu ta bayyana ga wasu yara uku a 1917, garin da sunansa ya samo asali daga zamanin da Musulmi suka zauna a yankin. Maryam da Fatima a allon coci ɗaya, mutane suna wucewa kullum ba su lura ba.

Harshen Hausa ya yi nasa aikin. Inda Girkanci ya gutsure, Hausa ƙari ta yi, don ba ta son kalma ta ƙare da baƙi. Ta ɗauki wasalin "u" na ƙarshen sunan Larabci ta manne shi, aka samu Maryamu, kamar yadda aka samu Zainabu da Bilkisu. Sai baki ya musanya wurin "r" da "y" aka samu Mairamu, aka taƙaita aka samu Mairo. A kula da wani tarko a nan: a Barno "mairam" 'yar sarki ce, daga "mai" da ɗafin "ram" na Kanuri, kalma ce daban da ta yi kama da sunan, ba daga gare shi ta fito ba. Sunan ya daɗe a gidajen ilimi na ƙasar nan. Maryam 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u a 1864, kuma macen da ta fara zama Babbar Jojin Nijeriya a 2012 ita ce Aloma Mariam Mukhtar. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda aka mayar da Mairo sunan 'yar ƙauye ko 'yar aiki a bakin 'yan birni, har mai sunan takan ji nauyin amsa shi a gaban ƙawaye. Rashawa suna kiran tasu Masha, Ingilishi suna da Molly, babu mai sunkuyar da kai. Mairo ita ce siffar da harshenmu ya ƙera da kansa.

Yadda Maryamu ta shiga coci a Filato shi ma ta Hausa ne. 'Yan mishan na SUM (Sudan United Mission) sun sauka Wase a 1904, suka tarar da harsuna barkatai a kan tsaunuka, sai su da takwarorinsu na SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙi Hausa a matsayin harshen wa'azi da makaranta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Masu fassarar ba su ɗauko sunayen Ingilishi ba, sun ɗauki waɗanda Hausa ta riga ta sani ta hanyar Larabci, inda babu kuma suka aro daga Larabawa Kiristoci. Shi ya sa dattawan cocin COCIN da na ECWA, waɗanda hedkwatocinsu duka suna Jos, suke amsa Bulus, Bitrus, Yohanna, Iliya, Dauda da Yakubu, matansu kuma Saratu, Hannatu, Rifkatu, Rahila da Maryamu. Tsawon shekaru, in ka ga "Maryamu Yakubu" ko "Saratu Musa" a rajistar asibiti ko ta makaranta, ba ka da hanyar sanin masallaci take zuwa ko coci, kuma ba wanda ya ga buƙatar ya sani.

Wannan fili na tarayya yana ƙanƙancewa. Iyaye Musulmi sun koma Maryam tsantsa, suna ganin Maryamu da Mairamu tsohon yayi ne. Iyaye Kirista da yawa sun koma Mary ko Miriam, ko sunayen harsunansu irin su Kangyang da Chundung da Simi, wanda abu ne mai kyau a karan kansa, domin harshen da ya daina raɗa suna ya kama hanyar mutuwa. Amma ba za a ɓoye ɗaya dalilin ba. Tun daga rikicin 7 ga Satumba 2001, sannan na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, garin ya rabu unguwa-unguwa, kuma mutanen Jos sun san ranakun da ake tare hanya a tambayi mutum sunansa kafin a yanke abin da za a yi da shi. Wanda ya ga haka yana son sunan ɗansa ya nuna ɓangarensa tun daga nesa, ko ya ɓoye shi. Ban ga laifin uban da tsoro ya sa ya yi wannan lissafi ba. Abin da nake ƙi shi ne a bar yara su tashi suna zaton Maryam da Mary mata biyu ne, ɗaya tamu ɗaya tasu. Saɓanin aƙida tsakanin addinan biyu a kan ɗanta gaskiya ne, kuma babba ne, babu amfanin a shafe shi da man baki. Amma a kan tsarkinta, da budurcinta, da cewa mala'ika ya zo mata da bushara, Suratu Maryam da farkon Linjilar Luka suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Akwai ƙasar da ta san nauyin wannan tun da wuri. A Habasha sunan ya shiga har cikin sunayen maza: Gebre Mariam, bawan Maryam, da Haile Mariam, ƙarfin Maryam, wanda Hailemariam Desalegn da ya yi firaminista daga 2012 zuwa 2018 yake ɗauke da shi. Can ne Musulmin farko suka gudu wajen shekara ta 615, lokacin da Makka ta yi musu zafi. Ƙuraishawa suka aika jakadu da kyaututtuka a dawo da su. Najjashi, sarki Kirista, ya ce sai ya ji ta bakinsu, ya tambaya ko suna da wani abu daga abin da aka saukar wa Annabinsu. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai zaɓi wata sura ba sai farkon Suratu Maryam. Masu tarihi sun ce sarkin ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, limaman cocinsa ma suka yi kuka, ya ce wannan da abin da Isa ya zo da shi daga fitila ɗaya suka fito. Ya ƙi miƙa baƙin nasa, ya sa aka mayar wa jakadun Ƙuraishawa kyaututtukansu.